Katin da Babanku Ya Cike Mini

Labarin ya zo ne a kwana na tara da rasuwar babanku, da hantsi, ina zaune a kan darduma kusa da tagar falo. Wayarsa ce ta yi ƙara. Tun ranar da aka kai shi nake sa ta a caji kowace safiya, ban san dalili ba, hannuna ne kawai yake yi. Na ɗauka, kafin in yi sallama murya ta riga ni.

"Lawal! Ka ji? Mutumin ya ajiye! Yanzun nan aka faɗa. To gaya mini, wa zai hau?"

Malam Bala ne, abokinsa na Ingila, wanda suka yi tuƙin bas tare tun kafin ni in san shi. A cikin duk waɗanda aka sanar, babu wanda ya tuna da shi. Na ce masa ni ce, Hajara.

"A'a, amarya! Ina mutumin? Ba shi wayar, yau ai ranarsa ce."

Tun aurenmu yake kirana amarya, bai taɓa canzawa ba. Na gaya masa. Sai na ji salati, sannan na ji kukan dattijo, wanda ba shi da daɗin ji. Da ya ɗan natsu sai ya ce, "To yanzu wa zan tambaya?" Nan take ya ji nauyin abin da ya faɗa, ya shiga ba ni haƙuri. Na ce babu komai. Ni ma tambayar da nake yi ke nan tun kwana tara.

Sadiya, Mukhtar, ku kun san wane mutum ne ya ajiye, ko da yake dariya kuke yi idan an tayar da zancen. Shugaban jam'iyyar nan ta Ingila ne, wadda ƙungiyoyin ma'aikata suka kafa da daɗewa. Babanku ya shekara guda yana cewa kujerar mutumin tana girgiza. A jikin firij ɗin gidanmu na Parkchester, nan Amurka, ya manna takarda da sunaye uku, ba sunayensu na gaskiya ba, waɗanda shi ya raɗa musu: Dogo, 'Yar Arewa, da Mai Murmushi. Yau ya ja layi a ƙarƙashin wannan, jibi ya soke shi ya koma wancan. Ke Sadiya kin taɓa tambayarsa da Turanci ko mutanen nan sun san yana duniya. Ya yi dariya, amma na ga bai ƙarasa shayinsa ba. Na rubuta wannan babin ne saboda abu biyu. Kuna ganin babanku ya fi damuwa da wata ƙasa a kan gidansa, kuma kuna ganin Gwaggonku Asabe ce ta sa na rasa aikina a shekarar nan. Duka biyun ba haka ba ne, ko da yake ni ma ban gama fahimtar yadda abin yake ba.

Ranar Lahadi bayan azahar Alhaji Isuhu yakan zo, mutumin Maradi mai shagon atamfa da turare a wajen Fordham Road. Yakan taho da burodi mai tsawo a hammata, ya zauna a kujerar da ke kusa da ƙofa, su fara. Ni ina kicin ina jin su.

"Malam Lawal, kai dai ka cika wahala. Sandika, ƙungiyar ma'aikatan nan taku, ai ta mutu. Ko a can gida, su ci su sha da gwamnati, su bar talaka da kwalin zanga-zanga."

"Alhaji, kai da ba ka taɓa yi wa kowa aiki ba, me ka sani? Kai ne mai shago, kai ne yaron shago, kai ne mai gadi. Idan ka shiga yajin aiki, wa za ka yi wa?"

"Hajiyata zan yi ma."

"To a nan kam za ka ga korar da babu sallama."

Su yi ta dariya, sannan babanku ya miƙe ya je gaban firij kamar malamin makaranta. Dogo, in ji shi, manyan ƙungiyoyi suna bayansa, amma jama'ar gari ba sa jin maganarsa. 'Yar Arewa ta taso a cikin ma'aikata, ta san warin gumi, amma masu kuɗin jam'iyya suna tsoron bakinta. Mai Murmushi kowa yana sonsa, kuma wannan ne abin da ya sa shi bai yarda da shi ba. Tambayarsa kullum ɗaya ce: duk wanda ya hau, zai ci gaba da sauraron ƙungiyoyin, ko zai hau da kafaɗarsu ya ture su? Wata Lahadin ya rantse ba a yin shugaba sai da su. Wata Lahadin ya ce shugabannin ƙungiyoyin su ma sun yi ƙiba, sun manta da direba. Ni da nake wanke-wanke na kasa gane ko yabonsu yake ko kuka da su.

Abin da ba ku sani ba shi ne dalilin. Bai gaya muku ba don ba ya son ku gan shi a raunane. Lokacin da yake tuƙin bas a Ingila, wani fasinja ya yi masa ƙazafi, ya ce ya rufe masa ƙofa a hannu da gangan. Aka kira shi ofis. Ya ce mini yana tsaye a bakin ƙofa, ya riga ya shirya ba da haƙuri a kan abin da bai yi ba, don dai a bar shi da aikinsa, sai wani tsohon Bature mai tari, wakilin ƙungiyarsu, ya kama hannun rigarsa ya ce kada ya buɗe baki sai ya zauna kusa da shi. Suka shiga tare. Tsohon ya sa aka kawo hoton da na'urar bas ta ɗauka, aka duba, aka wanke shi. Babanku ya ce ba su taɓa shan shayi tare ba, bai ma san gidansa ba, amma ranar ya ji kamar yana da dangi a ƙasar. Da ya dawo Amurka wajen ɗan'uwansa ya koma tuƙin motar kai marasa lafiya asibiti, bai bar jam'iyyar ba, ya ci gaba da zama ɗanta daga nesa. Ba Ingila yake so ba. Tsohon nan yake yi wa biyayya.

Ni kuwa a ɗakin wanki nake aiki, a wani gidan kula da tsofaffi. In hau jirgin ƙasa mai lamba shida, in sauka in hau bas, in shiga ƙasan bene inda injuna suke. Zanen gado, tawul, rigunan mutanen da 'ya'yansu ba sa zuwa. Na daɗe a wurin, na san wace tsohuwa ce ba ta son a ninke mata suwaita, wane tsoho ne yake ɓoye biskit a aljihu. A shekarar nan Memuna, abokiyar aikina 'yar Kumasi, ta fara yawo da wasu ƙananan katuna a cikin jakar abincinta. Idan mutane da yawa sun sa hannu, in ji ta, za a yi ƙuri'a a kafa mana ƙungiya. Ta ba ni ɗaya a bayan injin busarwa. Na kawo gida na ajiye a kan tebur. Da na fito daga wanka na tarar babanku ya sa tabarau ya cike shi tsaf da rubutunsa mai kwanciya: sunana, adireshi, sashen da nake.

"Sa hannu kawai ya rage," ya ce, yana miƙo mini biro.

"Bari in yi tunani."

"Tunanin me, Hajara?"

"Kai takardun ƙasa biyu gare ka. Ni aiki ɗaya gare ni. Kuma ba kai ne shekaranjiya ka ce sun yi ƙiba ba?"

"Na can nake nufi."

"Na nan ramammu ne?"

Ya yi dariya har da tari, ya mayar da biron aljihu. Ya ce ba zai matsa mini ba, hannu nawa ne. Na jefa katin a durowar da muke ajiye batir da makullan da ba mu san na ina ba ne. Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki ya kwanta ciwon kwana huɗu. Ba zan rubuta wannan ba, kuna wurin.

A wurin aiki kwana uku suke bayarwa idan an yi wa mutum rasuwa. Memuna da wasu mata biyu suka riƙa karɓar ranakuna suna rufe mini, har aka kai sati biyu. Sannan takarda ta zo. Ke Sadiya kika karanta mini: ko in koma aiki, ko in je ofis da kaina in cike takardar neman hutu in sa hannu, kafin Juma'a ta sama. Takaba kuwa wata huɗu da kwana goma ce, kuma ko sati uku ban yi ba.

Daga nan muryoyi suka yi mini yawa. Gwaggonku Asabe ta kira daga Zariya ta ce a gidansu ba a taɓa yin matar da ta taka waje da takabar ɗan gidan ba, amma ta ƙara da cewa ita ba ta san Amurka ba, in yi abin da zan iya. Ku riƙe wannan, don ita ba ta tilasta mini ba. Limamin masallacinmu ya aiko matarsa ta ce mini lalura ta halatta, in fita da rana ba kwalliya ba turare, in dawo in kwana a ɗakina. Ke Sadiya kika ce in je kawai, minti goma ne. Kai Mukhtar kana ta goge takalman babanku da ba wanda zai sa. Ni kuma na san an halatta mini, amma duk lokacin da na kalli ƙofa sai ƙafafuna su ƙi. Ina ganin idan na hau jirgin nan na zauna cikin mutane masu kallon wayoyinsu, to shi ke nan, ya mutu da gaske, duniya ta ci gaba.

A duk kwanakin nan wayarsa ba ta huta ba. Mutanen da suka saba kiransa a kan zancen Ingila, daga can, daga Harlem, har da wani daga Kano, sai su kira su yi ta'aziyya, sannan zancen ya kuɓuce musu. Wannan ya ce ƙungiyoyi sun riga sun gama magana, Dogo ne. Wancan ya ce zamanin da ƙungiya take naɗa shugaba ya wuce, yanzu kowa ƙuri'arsa ɗaya. Wani ya ce za su raba kansu biyu, Mai Murmushi ya wuce ta tsakiya. Ina riƙe da carbi ina cewa "haka ne, haka ne," ban san me nake tabbatarwa ba. Ina sauraronsu ne don ko zan tsinci muryarsa a cikin tasu, ya gaya mini abin da zan yi da takardar da ke kan tebur.

Ranar Talata Malam Bala ya sake kira, sai na tambaye shi kai tsaye. Na karanta masa abin da takardar ta ce, na ce da Lawal yana nan me zai ce?

"Amarya, ai wannan ko a barci na sani. Dokarsa ɗaya ce: kada ka shiga ofis kai kaɗai. A samu masu yi maka magana."

Na ji kamar an sauke mini kaya. Masu yi maka magana, ai mun san su tun muna yara. Idan abu ya yi nauyi ba ka zuwa da kanka, manya kake turawa, balle mace mai takaba. Na ɗauka abin da tsohon Baturen nan ya yi wa babanku ke nan, sunan ne kawai ya bambanta. Na kira Alhaji Isuhu. Bai bari na ƙarasa ba, ya ce wannan ai hakkinsu ne, da ma kunya ce ta hana shi tambaya.

Ranar Laraba ya rufe shago, shi da ba ya rufewa ko ranar da dusar ƙanƙara ta toshe hanya. Ya ɗauki Malam Hamza da wani dattijo daga masallaci, suka sha manyan riguna, suka sayi kwalin dabino mai kyau, suka nufi wurin aikina. Da la'asar suka dawo suka zauna a falo, ni ina daga bakin ƙofar ɗaki, Alhaji ya ba da labari yana share gumi.

"Hajiya, mun tahi, mun gani. Sun aje mu wajen awa guda. Wata tsohuwa cikin keke ta zo tana taɓa rigar Malam Hamza, wai biki za a yi? Daga baya shugabar wurin ta hito da kanta. Mace mai mutunci, walla. Ta yi muna gaisuwa, har idonta ya kawo ruwa."

"Me ta ce a kan aikin?"

"Ta ce mu su wane ne gare ki, lauyoyi ko wakilai? Na ce mata mu ne sandikarta." Ya kalli sauran, suka gyaɗa kai. "Ta yi murmushi, ta ce ba ta iya zancen ma'aikaci da wani, doka ta hana. Na ce mun gane, manya ba su zance a tsakar gida. Muka miƙa dabino."

"Ta karɓa?"

"Hannu biyu. Ta ce a gaishe ki, suna jiran ki."

Duk muka yi hamdala. A wurinmu idan manya sun je, an tarbe su, an karɓi abin da suka kawo, an ce a gaida mutum, magana ta ƙare. "Suna jiran ki" na ji shi a matsayin sai na gama. Ke Sadiya kina makaranta ranar, da kika dawo kika tambaye ni takardar fa, na ce an gama. Ba ki sake tambaya ba, kuma ba laifinki ba ne. Juma'a ta zo ta wuce ina kan dardumata.

Takarda ta biyu gajeriya ce. Sun ɗauka na bar aiki da kaina, suna yi mini fatan alheri. Washegari Memuna ta zo daga aiki ko gida ba ta biya ba, da rigar aikin a jikinta, tana warin sabulun da na sani. Ta yi mini gaisuwa yadda ya kamata, sannan ta fashe da Hausarta ta zango da ba ta raba mace da namiji.

"Sista Hajara, mi ya sa ka yi haka? Ka tura alhazai da dabino! Sa hannu suke so, ba dabino ba. Da ka kira ni, da na kawo maka taksi har ƙofa, ka shiga ka fito ba wanda ya gan ka."

"An ce kada in shiga ni kaɗai."

"To ai ba ka shiga ba sam! Wanda zai zauna kusa da kai, sai kai ma ka zauna tukuna."

Na tambaye ta, da an riga an kafa ƙungiyar, da sun riƙe mini aikin har wata huɗu? Ta ce ba za ta rantse ba. Abin da ta sani, da akwai wanda doka ta yarda ya shiga ofis tare da ni, wanda zai ce mini ga inda zan sa hannu, ga ranar da ba za ta wuce ba. Ta ce dabinon yana nan a ɗakin hutu, kowa yana ci yana tambayar na wane ne.

Alhaji Isuhu bai sake zama a kujerar bakin ƙofa ba. Yakan aiko da burodi, amma shi ya tsaya a ƙasa. Na aika masa cewa ni na tura shi, kuma ya yi abin da ɗan'uwa yake yi. Ya ce ya ji. Ku riƙa gaishe shi idan kun bi ta shagon, har yanzu yana ɗauke da abin.

Ana saura kamar wata guda in fita takaba, saƙon zaɓen ya shigo wayar babanku, da sunansa a sama, ana neman ya zaɓi shugaba. Kai Mukhtar ka karanta mini sunayen, muka yi ta gwada su da na jikin firij. Biyu mun gane su. Mai Murmushi bai ma tsaya ba, sai wani da babanku bai taɓa ambata ba. Malam Bala ya kira ya ce, rabi wasa rabi gaske, in danna masa 'Yar Arewa, ya san nan zuciyarsa take. Na je na tsaya gaban takardar da ke jikin firij. An soke Dogo an sake rubuta shi a gefe. 'Yar Arewa tana da layi biyu a ƙasa da alamar tambaya a gaba. Na ce wa Malam Bala ba zan sa hannu a madadin mamaci ba, kuma ko da ya halatta, ban san me zai zaɓa ba. Shekarun nan duka ina jin sa ta bangon kicin, ban sani ba.

Wanda ba ya cikin takardar ne ya ci. Masu kira suka rabu kamar yadda suka saba: wasu suka ce ƙungiyoyi ne suka ɗora shi a ɓoye, wasu suka ce ya ci ne duk da su, kuma daga yanzu sai dai su yi kallo. Na tambayi Malam Bala wanne ne gaskiya. Ya ce a bari a ga wa zai fara kira idan abu ya ɓaci. Daga nan kiran ya riƙa raguwa, har wayar ta koma shiru, na daina sa ta a caji.

Na fita takaba ranar wata Asabar. Na yi wanka, na sa atamfar da ya fi so, na hau jirgi mai lamba shida na je ƙarshen layi na dawo, don ba ni da inda zan je. Daga baya na samu aikin kula da wata tsohuwa a gidanta a Harlem, wanda kuka sani. A tsohon wurin an yi ƙuri'ar bayan tafiyata, Memuna ta ce sun samu, yanzu ita ce ma take shiga ofis tare da mutane. Na yi mata murna. Har yau ina juya abin: ko tsoron katin ne ya cuce ni, ko maganar babanku da na ɗauka ta wata fuska, ko kuwa ƙofar ce kawai na kasa buɗewa, na nemi dalili. Wani lokaci ina ganin na yi masa takaba cikakkiya, ban yi asarar komai ba. Wani lokaci ina ganin da yana nan, da shi zai fara cewa in tashi in je.

Idan kuka buɗe durowar batir za ku ga katin, kada ku zubar. Rubutun babanku ne daga sama har ƙasa. Layin ƙarshe nawa ne, kuma har yau ban sa hannu ba.